Dutsen da Na Mayar

Dala tamanin da bakwai suka rage mini a Hilo,
da kwana huɗu, da laima mai karyayyen haƙarƙari.
Tikitin araha na yanka, na tsakar dare,
kujerar da ke jikin banɗaki,
inda gwiwa ke gaisawa da haɓa.

Masaukina gado shida ne a ɗaki guda.
Wani Bajamushe na minshari a samana,
ƙananan kwaɗi na kiran suna ɗaya har asuba,
ruwa kuwa ba sallama, ba ban kwana:
ya zuba, ya ɗauke,
ya tuna mantuwa, ya dawo.

Na shimfiɗa tawul zan yi salla, na duba waya,
sai ga gabas ta koma arewa.
Na ce, Tukur, lallai ka zo bayan duniya.

Ran Laraba a kasuwa, gwanda uku dala biyu.
Can ƙarshen rumfa wata dattijuwa, Anti Leimomi,
fure a bayan kunne, silifas kowane da launinsa,
ta miƙo mini wani abu mai yauƙi, ruwan toka.
Na lasa. Tsami-tsami.
Na dubi kwandon da ke gefenta, na yi ihu: gwaza!
Na ce mu dafawa muke, mu ci da gishiri da ƙuli.
Ta ce su yayansu ne,
shi aka fara haifa kafin mutum,
kuma in an buɗe kwanonsa, ba mai ɗaga murya.
Na tuna gidanmu, inda rigima ke jiran a sauke tukunya.

Alhamis na bi bas zuwa dutse mai aman wuta.
Ƙasa baƙa wuluk, kamar ƙanzon tuwon aljanu,
ta daskare da lanƙwasarta, igiya kan igiya.
Warin farar wuta. Tururi daga tsaga.
Wata 'yar bishiya ta fasa dutse
ta fito da jan fure, ba ta nemi izinin kowa ba.
Ni ma ban nema ba.
Na tsinci ɗan dutse, marar nauyi, duk huda,
na ce Inna ta goge kaushi da shi,
tsarabar da ba ta ci mini ko sisi ba.

Da dare Anti ta kira ni cin abinci a garejinta.
Takalma a bakin ƙofa, tuli, kamar masallacin Juma'a.
Jikanta Keola ya ture naman alade nesa da ni
ba tare da na ce uffan ba,
ya turo kifi da shinkafa.
Na sunkuya zan zauna,
dutsen ya faɗo, ya gangara, ya tsaya a ƙafarta.

Kwanon gwaza a buɗe yake.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, ka tambaya?
Na ce, wa?
Ta nuna tudu da haɓa, ta ci gaba da lasar yatsa.

Baƙo raɓa ne, in ji mutanenmu.
Raɓa kuwa ba ta tafiya da ganyen da ta kwana a kai.

Juma'a, ranar da na ware wa teku,
na sake hawa bas, awa guda da 'yan kai,
na nemi gurbin, ban gane shi ba,
duk baƙi ɗaya ne.
Na ajiye shi gindin mai jan fure,
na ce a yi haƙuri, da Hausa,
ban san wa nake ba haƙurin ba.

A filin jirgi, dala shida a aljihu,
Inna ta kira: me ka riƙo mini?
Na ce, Inna, hannu biyu,
da labarin garin da gwaza ke da ƙanne.
Ta yi shiru.
Ta ce, to, ka ci abinci dai?